Shagon buga fosta a wajen Ƙofar Ƙaura: aikinsu na kyau, amma sun yanke min lardi guda

Jama'a bari in ba ku labarin wani shagon buga fosta da ke wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, ba sai na kama suna ba. Taswirar Taiwan na kai musu a filas, ta zamanin da Japan ke mulkin tsibirin daga 1895 zuwa 1945, so nake in manna wa ɗalibaina a aji.

Gaskiya injinsu ba laifi, kala ta fito raɗau kuma takardar mai kauri ce. Sunayen nan ƙanana duk ana karantawa daga nesa, Taihoku wato Taipei ta yanzu inda gwamna janar yake zaune, Shinchiku, Taichu, Tainan, sai Takao can kudu wadda yau ake ce wa Kaohsiung. Biyar ɗin nan su ne manyan lardunan da Japanawa suka yanka a 1920, shu suke ce musu, kuma kowanne an tsattsaga shi gunduma gunduma har zuwa ƙauyuka kamar dai yadda muke da hakimi a sama dagaci a ƙasa, abin da ma ya sa nake son yara su gani da ido ke nan. Gabas bayan duwatsu inda jama'a ba yawa kuwa Karenko ne da Taito, su cho ake kiransu, ba su kai shu ba.

Sai da na je gida na baje ta a tabarma na ƙirga, bakwai. Na sake ƙirgawa, bakwai dai. Ina Hoko? Tsibiran Penghu fa da ke yamma cikin teku, waɗanda aka cire daga Takao a 1926 suka zama cho mai zaman kanta, sun yi ɓatan dabo.

Washegari na koma. Yaron kwamfutar ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Malam na ɗauka datti ne, ɗige-ɗigen nan na gefen hagu, shi ne na datse don ta zauna daidai." Dariya ta hana ni faɗa.

Maigidan dai mutumin kirki ne, ya ba ni haƙuri ya sa aka sake bugawa, kuɗin takarda kawai na biya, sai dai na sha zaman benci kusan awa biyu ana jiran a tada janareta. Zan koma in Allah ya so, amma a bayan yaron nan zan tsaya har sai ya danna.