Hattara da mai tallan sitikar jiragen haɗawa da "maganin gyara" na bogi

Jama'a, da na so in haɗiye wannan magana in yi shiru, don ba wanda yake jin daɗin fitowa ya ce an yi masa wayo. To shekaranjiya wani ƙanena a wannan harka tamu ya kira ni daga Zariya, ya ce, "Yaya, ka san wani mai sayar da sitikar jiragen sojin saman Najeriya a Facebook? Har ya turo mini lambar asusu." Na ce masa ya mayar da wayarsa aljihu tukuna. Da ya karanto mini saƙon, sai na ji kalma da kalma irin wanda aka turo mini ne watannin baya. Ashe mutumin bai daina ba, suna kawai ya sauya.

Mu masu haɗa ƙananan jiragen roba ba mu da yawa a Arewa, kuma komai namu daga waje yake zuwa: kwalin jirgin, fenti, gam, har sitikar ruwa da ake liƙa tambari da lambobi da ita. Kafin oda ta iso sai ka ƙirga makonni, ga kuɗin aike da kan fi kuɗin kayan. Wannan ƙishirwa tamu ita ce jarin mutumin nan.

Alpha Jet nake haɗawa, ma'aunin 1/72 (wato an rage girman jirgin gaske sau 72), ɗan abin da bai kai santimita 20 ba. Irin jirgin da sojin samanmu suka yi aiki da shi ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo. Kwalin ya zo da tambarin ƙasashen Turai, ni kuwa namu nake so, kore da fari da kore. Kafin in samo tambarin, na fara liƙa ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi na jikin jirgin da suka zo a kwali, kuma a nan na yi kuskuren da kowane sabon hannu yake yi: na liƙa su kai tsaye a kan fenti marar sheƙi. Da suka bushe, sai kowace ta fito da wani farin ƙyalli kewaye da ita kamar an shafa azurfa. Na ɗauki hoto na sa a wani rukuni ina neman shawara. Ba a yi awa guda ba saƙon mutumin nan ya shigo ta bayan fage.

Bakinsa da zaƙi, ba laifi. "Ranka ya daɗe, wannan aiki naka bai kamata ya lalace ba." Ya ce yana da takardar sitika ta jiragen Najeriya, Alpha Jet da MiG-21 da L-39, bugun Italiya. Ya san cewa duk wanda ya ɗan jima a harkar ya ji sunan Cartograf, kamfanin Italiya da ke buga wa manyan masu yin jiragen haɗawa sitika, don haka ya jefo sunan a tsakiyar magana. Sannan ya ce yana da Micro Sol na asali, wato ruwan tausasa sitika, ɗiga biyu kawai, azurfar nan za ta ɓace. Idan kuma abin ya gagare ni, in aiko jirgin ta tasha ya gyara mini da hannunsa. Hotunan da ya turo kuwa tas-tas. Daga baya na saka su a Google Lens, manhajar gano inda hoto ya fito, na tarar da su a shafukan shagunan waje, wasu ma aikin wani mai haɗawa ne daban da ya yanke sunansa daga gefe.

Abu na farko da ya kamata ya tsayar da ni shi ne sunan asusun bai yi daidai da sunan shafin ba. Ya ce na matarsa ne. Na tura kuɗin. Kayan dai sun zo, direba ya miƙo mini ambulan a tasha, kuma wannan ne ya sa damfarar tasa take daɗewa: ba guduwa yake yi da kuɗinka kai tsaye ba, wani abu yake aiko maka, yadda in ka yi ƙorafi zai ce ai kaya sun isa hannunka.

Na yanko tambari guda na tsoma a ruwan ɗumi. Kafin in ɗauko hantsaki, ruwan kofin ya fara komawa kore. Tawada ce ta firintar gida, wadda ba a ma rufe ta da banish ba, kuma irin wannan tawada ruwa take bi. Na biyun na yi maza na zame shi a kan fiffike, sai ga abin da ya fi ba ni haushi: babu fari. Inda farin tambarinmu ya kamata ya zauna tsakanin koren nan biyu, fentin jirgin ne yake leƙowa. Firintar gida ba ta buga fari, farin takarda take dogara da shi, to a kan takardar baya tambarin yana kama da cikakke, sai ka zare shi ka ga fatar, wato siririyar ledar da zanen ke kai, garau ce. Duk wanda ke neman tambarin Najeriya ya riƙe wannan, don rabin kyan tambarin a farin nan yake.

Ban ce duk sitikar da aka buga da firinta ha'inci ba ce. Akwai ƙananan masu sana'a da ke yin haka da gaskiya, amma su suna faɗa maka tun farko cewa fatar a haɗe take, sai ka yanka dab da zane, kuma ko dai su ba ka farin da'irar da za ka shimfiɗa a ƙasa, ko su ce ka fenta farin da kanka. Wannan kuwa bugun Italiya ya kira nasa, kuɗin bugun Italiya ya karɓa.

Kwalbar Micro Sol ɗin da ya aiko ce ta yi ɓarnar gaske. Takardar jikinta a karkace take, rubutun ya ɗan dusashe, murfin kuma an taɓa buɗe shi. Da na shinshina sai warin ruwan goge jan farce ya bugi hancina. Zuciyata ta faɗa mini, amma na ce wataƙila haka yake. Na ɗiga da burushi a kan wani rubutu na fiffiken hagu. Cikin daƙiƙu fentin ya kumbura ya tattare, da na sa auduga in tsane sai ya biyo ta, robar ƙasa ta yi laushi har siririn layin da aka zana a fiffiken ya shafe. Ɗan ɗigon da ya fantsama a gilashin matuƙi ya bar masa hazo na dindindin. Garin neman gira na rasa ido. Micro Sol na gaske, wanda kamfanin Microscale na Amurka ke yi, fatar sitika yake tausasawa, ba ya narkar da roba. Abin da aka ɗura mini ko tina ne, ruwan tsinka fenti, ko ɗan uwansa.

Na kira shi. Ya ce ni na zuba da yawa, amma ba komai, in aiko jirgin da kuɗin gyara. Ban aika ba. Wani abokinmu a Kaduna ya aika nasa, MiG-21 da ya yi wata biyu yana aiki a kai. Aka ce ya ƙaro kuɗin fenti, ya ƙara. Aka ce ya ƙaro kuɗin mota, ya ƙara. Daga nan sai ya tarar an toshe shi a WhatsApp, ba jirgi ba kuɗi.

Abin da ke ci mini rai shi ne matsalar da ta kai ni hannunsa ba ta buƙatar kowa. Wannan ƙyallin azurfa iska ce kawai. Fenti marar sheƙi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, fatar sitikar ta kwanta a samansu, iska ta maƙale a ƙasa, haske ya riƙa dawowa fari. Maganinsa allurar ɗinki ce sabuwa ko bakin reza: ka hudhuda wurin da ya yi fari a hankali, ramuka da dama, ka ɗiga ruwan tausasa sitika don ya shiga ƙasa ya kori iskar, ka bar shi. Za ka ga sitikar ta yamutse kamar ta lalace. Kada ka taɓa ta. A wannan lokaci ta fi komai laushi, yatsa ɗaya ya isa ya yaga ta, da kanta za ta miƙe in ta bushe. Wani wurin sai ka maimaita sau biyu ko uku, a bar awanni tsakani, kuma a lokacin hunturu ka kifa masa kwano don ƙura.

Ruwan kuma iri biyu ne, kada a rikita su. Micro Set, mai shuɗin rubutu, shi ake shafawa a ƙasa kafin a ɗora sitika, kuma warin khal yake yi. Micro Sol, mai jan rubutu, a sama ake sa shi bayan ta zauna. Tamiya na da nasu, Mark Fit, akwai kuma Mr. Mark Setter da Mr. Mark Softer, duk na Japan. In babu ko ɗaya, ruwan ɗumi da 'yar farar khal kaɗan yana taimakawa, ko da bai kai su ƙarfi ba. Kowanne ka samu, fara gwada shi a kan guntun robar da ta rage a kwali, wadda ka shafa wa fenti iri ɗaya. Minti biyar na wannan gwaji da ya cece mini fiffike.

Sitikar da ta zauna a karkace kuwa, in ba a rufe ta da banish ba, jiƙa ta za ka yi sosai da ruwan ɗumi ko Micro Set, ka jira gam ɗin ya saki, ka tura ta da jiƙaƙƙen burushi. In ta ƙi, ka manna salatif marar ƙarfi ka ɗaga, za ta biyo shi, sai dai ta tafi ke nan, sai ka nemo wata. Tsohuwar takarda da ke farfashewa a ruwa ana shafa mata Liquid Decal Film, ruwan da ke yi mata sabuwar fata, kafin a tsoma, wadda ta yi rawaya kuma ana manna ta a gilashin taga rana ta wanke ta, in dai an kare ta daga laima. Jirgi na gaba kuma, banish mai sheƙi tukuna, sannan sitika, sannan marar sheƙi a ƙarshe.

In mutumin nan ko irinsa ya shigo muku, ku ce ya ɗauki bidiyon takardar a hannunsa, kusa da wata takarda mai sunanku da kwanan watan ranar, ya kuma yanko tambari guda ya tsoma a ruwa ya ɗora a kan baƙin abu ku ga ko farin yana nan. Ni da na nemi haka ta hannun ƙanen nan nawa, sai ya ce kayan suna sito, mai makulli ya yi tafiya. Kada ku karɓi kwalbar da aka buɗe ko wadda aka ce an "rarraba" daga babba, kada ku tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa, kuma jirgin da kuka gama haɗawa kada ya hau mota zuwa wurin wanda ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa a cikinmu. Wanda ya riga ya tura, ya adana hotunan hirar da rasit ya kai wa bankinsa da wuri, sannan 'yan sanda ko EFCC. Na kai nawa, ina jira.

Alpha Jet ɗin yana nan kan teburi. Na goge fiffiken hagu da sanfefa mai laushi, na cike inda ya lotsa, na sake jan layin da allura. Gilashin matuƙin ne dai ba yadda zan yi da shi, don haka duk wanda ke da rarar gilashin Alpha Jet na 1/72 ya yi mini magana.