An canza min bakin caji sai sabis ya ɗauke: sharhina kan masu gyara biyu

Jama'a duk wanda aka buɗe masa waya aka yi gyara, ya koma gida ya ga sabis ya ɗauke, don Allah kar ya yarda a fara da filashin, wato sake ɗora wa wayar manhajarta, kar kuma ya yarda da maganar wai IC ɗin netwok, ɗan guntun da ke kama sabis a jikin fanel, shi ne ya ƙone tun ba a duba ƙananan abubuwa ba. Waya ɗaya ce masu gyara biyu suka taɓa min, aikinsu kuwa ko kusa bai yi kama ba.

Redmi Note ce, matsalarta caji kawai, sai na danne kebur ko na karkata shi sannan take ɗauka. Na kai wa wani mai gyara a unguwarmu ya ce sai an canza ƙaramin fanel ɗin ƙasa gaba ɗaya, wanda bakin cajin yake jikinsa. Ya canza, caji ya dawo, ta nan kam ba ni da ƙorafi. Amma ina shiga gida sandunan sabis suka zube, sanda ɗaya, can kuma sai ta rubuta "Emergency calls only", in na fito waje ya ɗan leƙo in na shiga ɗaki ya ɓace, a ɗakin da nake kallon bidiyo da 4G ba ko tsayawa. Mutane su kira a ce musu a kashe take, alat na banki ba ya shigowa, lambar OTP sai ta gama aiki sannan ta iso, ni kuma kaya nake sayarwa ta WhatsApp, wallahi abin ya taɓa ni sosai.

Kafin na koma wajensa na yi gwaje-gwajen da kowa zai iya yi a gida. Na kunna alamar jirgin nan na kashe, na kashe wayar na kunna, ba canji. Sai na cire sim ɗina na saka a wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, sabis fal. Na karɓi sim ɗin ƙanena wanda ba kamfani ɗaya muke ba na saka a tawa, shi ma sanda ɗaya. To wannan gwajin shi ne mafi amfani a cikinsu duka, don tun da aka fara maganar haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020 har zuwa rufe layukan da aka yi a 2024, da sabis ya ɗauke abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne an rufe masa layi, sai ya tafi ya bi layin ofis a banza. In sim ɗinka yana kira a wata waya, to ba layi ba ne, wayar ce.

Na danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, lamba 15, daidai da ta jikin kwali. Na shiga setin wajen bayanin waya, wajen da aka rubuta "Baseband version", wato manhajar sashen da ke kama sabis, akwai rubutu, ba "Unknown" ba. A nan kuma akwai "SIM status" inda ake ganin ƙarfin sabis da lamba, tawa tana yawo a ƙasan -110 dBm, ta ƙanena da ke hannunsa a gefena tana wajen -85. Lambar nan in ta matso kusa da sifili sabis ya fi ƙarfi, in ta yi nisa ya yi rauni, kuma ta fi sandunan nan faɗin gaskiya.

Da na koma wajen na farkon ko buɗe wayar bai yi ba ya ce, "Malam ai filashin take so." Na ce masa filashin fa zai share min hotuna da hirarrakin kwastomomi, kuma wayar da ta zo hannunka da sabis ɗinta lafiya lau, me ya haɗa ta da filashin? Sai ya juya ya ce to IC ne, ya faɗi kuɗin da ya kusa isa a ƙara kaɗan a sayi wata ta hannu. Abin da ya fi ɓata min rai ba kuskuren aikin ba ne, kowa yana yi, rashin yarda ya sake kwance inda ya taɓa ne. Na tambaye shi tsohon fanel ɗina ya ce ya zubar.

Na biyun a Farm Centre yake, kasuwar waya ta Kano, wani abokina ne ya haɗa mu, matashi ne ba shi da yawan magana. Tambayarsa ta farko ita ce me aka canza, ta biyu ta faɗi ko ta shiga ruwa bayan gyaran, na ce a'a. Ya ce, "To Alhaji zauna a nan ka gani da idonka." A gabana ya ɗaga murfin baya, ya kwance sukurori, ya nuna min wata siririyar waya da ta bi gefen batir daga babban fanel na sama zuwa ƙaramin na ƙasa. Ita ce wayar eriya. Kanta ɗan zagaye ne na ƙarfe, ana danna shi ne ya shiga kamar botin ɗin rigar jarirai, in bai yi ƙas ba to bai zauna ba. Tawa a ɗore take kawai a kan gurbinta, gefen kan ma ya ɗan lotse alamar an danna shi a karkace. Duk wanda zai canza fanel ɗin ƙasa dole ya cire wayar nan ya mayar, haka wanda zai canza sikirin mai haɗe da firam, shi ya sa matsalar sabis take yawan biyo bayan waɗannan gyare-gyaren.

Ya saka wata wayar eriyar, ya kunna, sanduna suka ƙaru amma 4G tana zuwa tana tafiya. A nan ne na san ya san aikinsa, don wani da ya ga sanduna sun hau rufewa zai yi ya karɓi kuɗi. Shi sai ya ciro fanel ɗin da aka saka min ya ajiye a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗauko orijinal wanda aka ciro daga matacciyar waya irin tawa ya ajiye a gefensa. Ko ni da ban san komai a harkar ba na ga bambanci, a jikin orijinal ɗin akwai 'yan ƙananan abubuwa jere kusa da gurbin eriya, a jikin kwafin kuwa wasu guraben wayam suke, an bar wajen ba a saka komai ba. Ya ce kwafi da yawa caji kawai aka yi su su yi, ba ruwansu da sabis. Sai a lokacin na haɗa wasu abubuwan, cajin sauri ya daina nunawa tun bayan gyaran farko, kuma masu kirana suna cewa muryata tana nisa, ashe makirfon ɗin ma a jikin fanel ɗin yake.

Ya kuma nuna min wasu 'yan ƙafafu masu ruwan zinare da suke taɓa eriyar da ke jikin robar sifika, ya ce in ɗaya ta kwanta ko aka bar sukuru ba a ɗaure ba, robar ba za ta danne su ba, sabis ya ragu. Tawa sukuru ɗaya babu shi gaba ɗaya. Ya saka orijinal ɗin, ya cike sukurun, lambar ƙarfin sabis ɗin nan ta dawo daidai da ta sauran wayoyin da ke shagon.

Maganar da ya yi da ta fi tsaya min ita ce da tsohon fanel ɗina yana nan, bakin cajin kawai zai cire ya ɗora sabo da dalma, ba sai an sayi komai mai tsada ba. Don haka duk abin da aka cire a wayarka ka karɓi kayanka, haƙƙinka ne.

Ba wai IC ba ya lalacewa ba ne, yana yi, musamman in waya ta sha ruwa ko ta faɗi da ƙarfi ko mai gyara ya zuba wa fanel zafin bulowa, na'urar hura iska mai zafi, fiye da kima. Amma shi yawanci yana da alamunsa, IMEI ta ɓace ko ta nuna ba komai, baseband ya koma "Unknown", kowane sim aka saka shiru ko a gindin ƙarfen sabis kake. Akwai ma wayoyin da ciwon daga kamfani ne, kamar wasu iPhone 7 da Apple da kansu suka buɗe shirin gyara su a 2018 saboda matsalar "No Service". Masu Tecno da Infinix da itel kuma in garanti bai ƙare ba gara su fara zuwa Carlcare, wajen gyaran kamfaninsu, kafin wani ya buɗe.

Inda na biyun ya gaza a wajena, ba ya ba da rasit, garantin da baki ne kawai, na ce ya rubuta min ko a takarda ce ya ce ai ba ya gudun kwastoma, na yarda da shi amma rubutu ya fi. Jira ma akwai shi sosai saboda mutane, kuma kuɗin orijinal ɗin ya ninka na kwafin. Duk da haka in aka haɗa da kuɗin aikinsa bai kai ko rabin abin da aka ce na biya na IC ba, kuma ko hoto ɗaya ban rasa ba.

Kafin na biya shi da kansa ya ce na gwada, na kira ƙanena muka yi magana ya ce yana ji na tas, na danna *310# balans ya fito nan take, na kashe Wi-Fi na buɗe bidiyo da data, na mayar da sim ɗin gurbi na biyu shi ma ya kawo, na shiga can ƙuryar shagon inda sabis ya saba wahala bai ɗauke ba. Zan sake kai masa waya, kuma na riga na tura masa mutane. Murfin bayan ne dai gam ɗin bai kama sosai ba a kusurwa ɗaya, na kira shi ya ce na kawo ya sake mannewa ba sai na biya ba.