Motocin Katsina zuwa Maradi: ra'ayina ga 'yan Abuja masu son leƙawa Nijar

Makin da zan ba motocin hayan layin Katsina zuwa Maradi uku ne cikin biyar, kuma wlh biyu daga cikin ukun nan na direbobin ne, motocin kansu ɗaya suka ci da ƙyar. Ina rubuta wannan ne saboda 'yan uwa a nan Abuja, musamman abokan kasuwa a Wuse da maƙwabta a Kubwa, sun dame ni da tambaya, wai ana neman biza ne, wai kwana nawa ake yi a hanya, wani ma har cewa yai ko sai an bi ta Sokoto. Jama'a Maradin nan daga Katsina kusan kilomita 90 ce kawai, wato kusan rabin Abuja zuwa Kaduna, amma fa kar gajartar ta ruɗe ka don hanya ce mai cin lokaci.

Ɓangaren Abuja zuwa Katsina ba sai na ja shi ba, kowa ya sani, kaje tashar Jabi ko Utako ko Zuba da asuba ka hau ta farko, a bi Kaduna, Zariya, Funtuwa, Malumfashi a shiga Katsina, yini guda ne musamman da aikin titin Abuja zuwa Kaduna da yaƙi ci yaƙi cinyewa. Abinda zan ce kawai ka kwana a Katsina. Ko ƙarfe huɗu na yamma ka sauka kar wani ɗan kamasho ya zuga ka da "yanzu zata tashi saura mutum ɗaya", hanyar Jibiya ba ta yamma bace, kowa ya san halin tsaron da yankin ya shiga a shekarun nan, su kansu direbobin kirki da rana tsaka suke gama harkarsu su koma gida.

Da safe kace wa mai adaidaita ya kai ka inda ake lodin Jibiya da Maradi. Zaɓi biyu ne a gabanka. Akwai mai zuwa Maradi kai tsaye, akwai kuma yanka tafiya, wato ka hau ta Jibiya ka sauka Magama inda bodar take, ka tsallaka, ka sake hawa wata daga ɓangaren Nijar wajen Ɗan Issa. Yankawa ta fi sauƙin kuɗi kaɗan kuma ta fi saurin cika, in kai kaɗai ne da 'yar jaka a kafaɗa to ba laifi. Amma in kana da iyali ko kaya ko kuma zuwanka na farko kenan, dan Allah ka biya ta kai tsaye ka huta, zan faɗi dalili.

Motocin dai tsofaffin Golf ne da Peugeot da ɗan Sharon jefi-jefi, gaba biyu baya huɗu, but ɗin mota a buɗe an ɗaure shi da igiya saboda buhuna sun fi ƙarfinsa. Maganar esi kar ma ka tayar da ita a yi ma dariya, gilashi ma wani sai direba ya miƙo ma hannun murɗawa ka sauke ka mayar masa. In kana da hali ka biya kujerar gaba duka biyun, ni haka nake yi, don zaman mutum biyu a gaba yana nufin duk sanda za'a sa giya sai ka ɗaga ƙafa. Jiran cikar mota kuma ba shi da agogo, ranar kasuwar Jibiya wato Lahadi kafin ka gama karin kumallo ta cika, wata ranar kuma sai kaga ka sha kunu ka ci ƙosai ka gaji da hira har yanzu ana neman mutum biyu. Nan suka rasa maki a wajena, nan da kuma yadda ake cajin kaya ba ƙa'ida, ɗan kamasho ya kalli jakarka ya kalli shaddar jikinka sannan ya yanke kuɗi. Ka yi ciniki kafin a ɗaura kayan, in an riga an ɗaure ka rasa baki.

To direbobin fa. Gsky mutanen nan sun san aikinsu. Tsakanin Katsina da Magama shingaye ne kamar ƙwayoyin tasbaha, ka wuce wannan kana hango wancan, kala-kalar kaki, kuma direban da ya saba hanyar ya san na tsayawa sosai, ya san na ɗaga hannu a gaisa, ya san inda zai ce Alhaji fito da takardarka ka riƙe a hannu tun kafin a tambaya. Wani dattijon direba ɗan Maradi da na taɓa hawa motarsa tun a tasha ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wa ke da fasfo wa ke da kati wa ba shi da komai, ya ce ma wata baiwar Allah "Hajiya ke zauna nan bayana, in an zo ni zan yi magana, ke dai kar ki ce uffan", kuma haka akai, har muka isa ba wanda ya sauke ta. Wannan shi ne dalilin da nace ka hau ta kai tsaye, kuɗin da ka ƙara na wannan sanayyar ne, in ka yanka tafiya a Magama kai kaɗai zaka tsaya da bakinka.

Ba zan ɓoye ba akwai wuraren da ake miƙa na goro. A wani shinge an taɓa riƙe mu kusan rabin awa akan buhun da ba na kowa a cikinmu ba, saƙo ne aka ba direba, ana ta ja-in-ja mu muna gasuwa a rana. Fasinja mai cikakkun takardu yawanci ba'a matsa masa, wanda ba shi da su ne ake ja gefe.

Maganar takardu kuwa sai an ɗan koma baya don abin ya sha canzawa. Tsarin ECOWAS na 1979 shi ya ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90, shi yasa iyayenmu suke zuwa Maradi kamar sun je ƙauyen gaba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe bodojin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, aka buɗe su Illela da Maigatari da Seme a Disambar 2020, ita Jibiya sai Afrilun 2022. Ana cikin murmurewa sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Bazoum, aka sake garƙamewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS suka riƙe ƙawancensu na AES. Duk wannan ya sa ɓangaren can sun ƙara sa ido fiye da da, don haka shawarata ga ɗan Abuja ita ce ka tafi da koren fasfonka wanda bai ƙare ba, da katin rigakafin shawara wato yalo kad, ka ƙara da katin ɗan ƙasa a aljihu. Yalo kad ɗin ka yi shi tun a nan Abuja wajen ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa kafin ka taso, allurar ma ana so ta kwana goma a jiki kafin tafiya. Kar ka biye ma masu cewa ai mu da su duk ɗaya ne ba'a tambayar komai, mutanen Jibiya da Ɗan Issa da aka san fuskarsu ne ke wucewa haka, kai da hularka ta Abuja da hausarka mai haɗe da turanci daga nesa za'a gane baƙo ne.

A Magama ana sauka, kaje ofishin shige da fice a buga ma hatimin fita, kwastan su duba kaya in akwai na dubawa, direba na jiranka a gaba. Ka tabbata an buga hatimin nan, wasu na gudun layi su wuce haka sai a dawowa ko a gaba tambaya ta taso. Daga nan ɗan tafiya kaɗan sai ɓangaren Nijar, polis su karɓi takardu su rubuta suna a babban littafi, ga jandarma ga duwan wato kwastan ɗinsu, kowa da wurinsa. Abinda na lura su ba sa son gardama da ɗaga murya kuma ba sa son ganin waya a sama, kar ka ce zaka ɗauki hoto ko bidiyo na sawa a status, zaka jawo ma kanka da sauran fasinja zama. Ka yi sallama ka gaisa da kyau, Hausa ce zalla ake yi da kai, dama tun 2025 ita ce harshen ƙasa a hukumance a can. Shingayen can basu kai na ɓangarenmu yawa ba, daga Ɗan Issa zuwa Maradi mota na samun ta miƙe.

Sai kuɗi, nan ne baƙi ke shan ruwa. Sefa ake kashewa, kuma lissafin baki da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai kabu-kabu yace ma dala arba'in to sefa 200 yake nufi, dala ɗari sefa 500, jika ɗaya sefa 1000. Ka riƙa ninkawa da biyar a ranka kafin ka ce ka yarda, in ba haka ba zaka ji abu da araha ka amsa sai wajen biya ido ya raina fata. Jikar nan da a shekarun baya bata kai naira dubu ba yanzu ta haura naira dubu biyu, shi yasa Maradi ta yi ma mai naira tsada, su kuma nasu mutanen ke shigowa Jibiya da Katsina da Kano sayayya. Ka canza kaɗan wajen 'yan canjin Wuse Zone 4 ko Katsina na kuɗin mota da ruwa, ragowar ka canza wajen 'yan canjin boda ko cikin Maradi bayan ka tambayi mutum biyu uku farashi, ka nemi ƙananan takardu da silalla don canji na wahala. Katin ATM ɗinka da taransfa ka manta da su a can, tsabar kuɗi ne, in kuma turo ma za'ai daga wani gari na Nijar akwai kamfanonin tura kuɗi su Nita da Amana ko'ina.

Layin wayarka zai bi ka har ɗan gaba da boda sannan ya ɗauke ko ya koma romin mai cinye kati, in zaka kwana biyu ka sayi layin can, Airtel ko Moov ko Zamani, da fasfonka ake rajista. Motar na sauke ka a tasha cikin gari, kabu-kabu da adaidaita na nan birjik, in Damagaram ko Yamai ka nufa akwai manyan bas irin su Rimbo da STM masu tikiti da lambar kujera da lokacin tashi, abinda nake fatan layin Katsina ya koya. Garin kansa ba zaka ji baƙunta ba, Katsinawa ne da suka kafu a can bayan jihadi, har yau sarautar ma Sarkin Katsinan Maradi ake cewa, ga Tibirin Gobir nan kusa. Kilishinsu kuwa ban ga na biyunsa ba, ka sayo ma mutanen gida.

A dawowa ka fito Maradi da sassafe, ka sa ran bincike ya fi tsanani ta ɓangarenmu saboda shinkafar waje da sauran kayan da aka hana shigowa da su ta ƙasa, kuma duk wanda ya tare ka a tasha yace ɗan Allah riƙe min ƙullin nan zuwa Katsina ka ba shi haƙuri, ko da fuskar malamai yazo. Mata masu tafiya da yara su nemi kujerar gefen taga su riƙe ruwa da yawa, banɗaki a hanyar sai a hankali.

Ana dai aikin layin dogo na Kano zuwa Maradi mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke yi, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki ni kam na bar Golf, amma kafin nan in zaka je ka nemi direba mai furfura wanda 'yan tasha ke kira da suna, ka karɓi lambarsa don dawowa, ka biya gaba biyu.