Kafin ka biya kuɗin fotal ɗin makaranta, duba yadda yake korar mutum waje

Malamar lissafi ta zauna tun ƙarfe 11 tana shigar da makin ɗalibai 58 a fotal ɗinmu, wato shafin intanet na makarantarmu, gwaji biyu da jarrabawa. Aka kira Azahar, ta tashi. Da ta dawo ta danna maɓallin ajiyewa, sai fuskar kwamfuta ta yi fari fat, da ɗan rubutu a tsakiya: 419 Page Expired. Ta shigo ofishina da takardun a hannu ta ce, "Malam, kwamfutar ma da bakinta ta ce 419 ce. Wa ya sayar mana da ita?" Na yi dariya, ita kuwa ko murmushi. Aikin wuni ya bi ruwa, ga iyaye na jiran sakamako ranar Juma'a.

Tun daga ranar, duk matashin da ya zo mini da tallan fotal, daga Wunti ne ko daga Yalwa a nan Bauchi, ba na fara kallon kyan shafi. Tambayata ta farko ita ce: yaushe yake fitar da mutum, kuma me ke faruwa da abin da mutum ya rubuta?

Ga yadda abin yake. Idan ka sa kalmar sirri, saba, wato babbar kwamfutar da fotal ke zaune a kanta, tana ba burauzarka, manhajar da kake buɗe shafi da ita, wani ɗan tikiti da ake kira kuki, mai wa'adi. Matsalar ita ce saba ba ta ganin yatsunka a kan madannai. Ko awa uku ka yi kana bugawa, muddin shafin bai aika mata komai ba, a wurinta ka tashi. Yawancin masu gina manhaja kuma ba sa taɓa wa'adin da kayan aikinsu suka zo da shi: PHP daƙiƙa 1440, wato minti 24, Laravel minti 120, Django mako biyu cur. Namu Laravel ne, kuma 419 ɗin nan lambarsa ce idan shaidar tsaron fom ta mutu tare da zaman, wato lokacin da saba ke ɗaukar kana ciki.

Duk da abin da ya same mu, zaɓina shi ne irin wannan tsari, wanda saba ce ke riƙe da zaman kowa, da sharaɗin a ajiye shi a rumbun bayanai, ba a fayil ba. Dalilina na farko iko ne. Malami ya bar aiki ko an sace wayarsa a kasuwar Muda Lawal, sai a goge layi ɗaya a rumbun, ƙofa ta rufe nan take. Na biyu, a hayar saba mai araha da ake cunkusa shafuka da yawa, wani lokaci fayilolin zaman kowa a jaka ɗaya suke, sai sharar shafin maƙwabci ta kwashe naku, a yi ta korar malamai ba dalili. Rumbun bayanai ya raba ka da wannan.

Amma tsarin kaɗai bai isa ba, sai an ɗora masa abin da ya dace da mu. Shafi ya riƙa ajiye abin da ake bugawa da kansa, ko da duk minti ɗaya ne, don a nan ba wa'adi kaɗai ke cin aiki ba, har da ɗauke wuta. Ya yi gargaɗi kafin ya fitar da mutum. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafukan intanet za su yi wa kowa sauƙin amfani, ta ce a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙarin lokaci, ni minti biyu na nema. In kuma wa'adin ya riga ya ƙare, akwatin kalmar sirri ya fito a kan shafin da kake, ba a jefa ka shafin farko hannu rabbana ba. Sannan kada a ɗaure zaman da adireshin intanet na IP. Mu da ke jona kwamfuta da waya, sabis ya yi rauni mu koma ɗaya layin, adireshin canzawa yake yi, sai fotal ya ɗauke ka ɓarawo.

Kan tsawon lokaci, ƙungiyar OWASP ta masana tsaron manhaja ta ba da shawarar minti 15 zuwa 30 na rashin motsi ga manhajar da hatsarinta bai yi yawa ba, da awa 4 zuwa 8 a matsayin iyaka ko kana motsi. Na sa wa basa, wato ma'ajin makaranta, minti 15 saboda kuɗi yake taɓawa, malamai 30.

Sauran tsare-tsaren shigar da mutum fotal kuwa, ban daɗe a kansu ba. Tikitin JWT da ake ajiyewa a burauza, in an sace shi yana aiki har wa'adinsa ya cika, sai in mai ginin ya yi ƙarin aikin da yawanci ba ya yi. Firebase tikitinsa awa ɗaya ne amma yana sabunta kansa, ka ga kwamfutar ofishin malamai da mutum goma ke amfani da ita za ta kwana a buɗe. Keycloak kaya ne mai kyau, sai dai yana son sabarsa da mai kula da shi, ba na ƙaramar makaranta ba ne. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ka bar shi ga sanarwa da hotunan bikin yaye ɗalibai.

Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne wurin 'yan cuwa-cuwa. Wanda ya gina mana na farko, da muka kai ƙara, "gyaran" da ya yi shi ne ya sa shafin ya riƙa taɓa saba duk minti biyar ko babu kowa a kujera. Korar ta daina, muka yi ta sa masa albarka. Sai da wani ɗan aji uku ya tarar da kwamfuta a buɗe da sassafe, Turancinsa ya tashi daga 31 zuwa 81, muka gane ƙofar ya cire gaba ɗaya. Allah Ya sa takardar amsoshinsa na cikin kabad.

Wasu kuma akasin haka suke yi. Agogo kawai suke sawa a shafi, lokaci ya cika ya kai ka wurin kalmar sirri, alhali zaman na nan da ransa a saba. An rufe ƙofa da ɓarawo ke nan. Akwai masu sauke manhajar sata da aka fasa makullinta, su canza launi da tambari su ce su suka gina. Irin wannan ba ta samun gyaran tsaro, wata ma da ƙofar baya take zuwa. Akwai mai yin rajistar sunan shafi da hayar saba da sunansa, ranar da kuka saɓa ya riƙe muku sakamakon yara. Kuma bayanan ɗalibai amana ce da doka ta sani, tun da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kan duk mai tara su.

Saboda haka kada ka biya cikon kuɗi sai an yi gwaji a gabanka, a kwamfutarka, ba ta mai ginin ba. Ka ce ya mayar da wa'adin minti biyu. Cika rabin fom ka naɗe hannu, ka ga ko zai gargaɗe ka, ko makin zai tsira. Bayan ya fitar da kai, danna maɓallin komawa baya ka sabunta shafin, sannan ka liƙa adireshin shafin maki kai tsaye. In ya buɗe, riƙe kuɗinka. Ka kuma shiga da waya, ka sa ya soke zamanka daga shafin shugaba, ka ga ko wayar za ta fita. Cikin mutum huɗu da na gwada bara, biyu sun faɗi a maɓallin baya, ɗaya ya ce zai dawo Litinin, har yau ban ga ƙeyarsa ba.