Aibin gidan bugu da raunin hannun mutane, wanne ke ƙara wa sule daraja?

Ɗan uwa da ka tambaya kan sulallan nan biyu, ɗaya rubutunsa ya fito kamar an buga sau biyu, ɗayan kuma yana da karce a fuska har ka goge shi ya yi ƙyalli, kana son sanin wanne ya fi kuɗi. Toh abin da masu tara tsofaffin sulalla ke fara tambaya shine yaushe aibin ya same shi, tun yana gidan bugu ne ko bayan ya shiga hannun jama'a.

In daga gidan bugu ne, sau da yawa aibin ma shine kuɗin. Dubi santin Amurka na 1955 mai kan Lincoln, hatimin da ake bugawa da shi ne ya samu zane biyu tun wajen ƙera shi, sai shekarar da rubutun suka fito ninki biyu ƙarara, ko gilashin ƙara girma baka buƙata. Haka sulen santi biyar na 1937 da aka buga a Denver, an goge hatimin fiye da kima har ɗaya daga ƙafafun gaba na ɓaunar da ke jikin sulen ta ɓace, yau neman sa ake. A Birtaniya ma a 2008 an haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya, sai wasu sulallan peni ashirin (20p) suka fito babu shekara ko kaɗan. Santin Amurka na 1943 kuwa, a shekarar da baƙin ƙarfe aka yi santi saboda yaƙin duniya na biyu, amma ƴan ƙalilan suka fita da tagulla bisa kuskure, ɗaya an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Shi yasa na jabu suka yi yawa, a samu na ƙarfe a shafa masa ruwan tagulla, amma maganaɗisu na tona asirinsu nan take, in ya manne to ba shi bane.

Amma kar ka yi saurin murna da naka tukuna. Akwai ninkin da ke zuwa don hatimin ya ɗan yi motsi lokacin bugu, shi zaka ga ninkin a kwance yake kamar matakala, kuma ya ci kaurin harafin ya rage shi. Ninkin gaskiyan, wanda ke jikin hatimin tun ƙera shi, yana da tudu zagaye, bakin haruffan a rabe. Na motsin hatimin kusan ba ya ƙara komai, kuma gaskiya yawancin waɗanda ake kawowa shi ne.

Na biyun fa, mai karce, nan labarin ya juya. Huda, lanƙwasa, lotsawar baki, tsatsa, duk rage daraja suke. Kamfanonin tantancewa irin PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987 suna auna kyan sule da ma'aunin Sheldon daga 1 zuwa 70, amma sulen da ya ji rauni ba sa ba shi lamba sam, sai su tabbatar na gaske ne su rubuta Details tare da sunan matsalar. Kuma wlh gogewar da ka yi tafi karcen ciwo, don sabon sule yana da wani sheƙi da bugun ya bar masa, in ka sa tsumma da man goge ƙarfe ka kankare shi kenan har abada, a ƙarƙashin fitila sai a ga ƙananan layuka birjik. Wannan duhun tsufan da ka ga kamar datti ne, shi mai saye ke so ya gani.

Ba wai ya zama banza ba. In shekararsa mai wuyar samu ce zai samu mai saye ko da huda, sai dai a ƙasa sosai, in kuma azurfa ce ko zinariya nauyin ƙarfen na nan. Akwai ma raunin da ake ɗaga wa ƙafa, kamar tambarin da ƴan kasuwar Sin ke dokawa a dalar azurfa ta cinikayya a ƙarni na 19, wasu shi kaɗai suke tarawa.

Ni dai a ganina mai ninkin ne ya cancanci ka kashe kuɗin tantancewa, shi ma sai ka duba shi da gilashi. Turo hoton shekarar daga kusa, da na gefen bakinsa, kuma don Allah kar ka wanke shi.