Kafson bikarbonat na masu tseren keke: garin yana aiki, kwanson ne ya ci amana

Farar roba ce mai kafso 100 na bikarbonat, garin da mahaya ke sha don jinkirta zugin tsoka a tsere, kowane ɗaya miligiram 500, irin wadda masu kayan motsa jiki suke yo oda su kawo mana nan Damagaram. Abin da ya sa na ɗauke ta layi guda ne da aka rubuta a jikinta, cewa kwanson ba ya narkewa a tumbi sai ya gangara hanji. In ba don wannan layin ba, garin bikarbonat ga shi nan a farmasi, kowa kuma ya san kuɗinsa bai kama ƙafar na wannan robar ba.

Kwanson shi ne komai a wannan harka. Bikarbonat in ya haɗu da ruwan tsamin da ke tumbi, nan take yake sakin iska, irin wadda ke tasowa in an buɗe kwalbar lemo. Ita ke kawo kumburi da gyatsa da tashin zuciya. Bikarbonat ɗin kuma, da yake nau'in gishiri ne, in ya afka hanji da yawa lokaci guda, sai ya jawo ruwa, zawo ya biyo baya. Kwanson kirki yana tsallakar da garin daga tumbi lafiya, ya sake shi a hankali can gaba.

Tun a takardar jikin robar raina ya fara ɓaci. An rubuta a sha biyu a rana, giram 1 ke nan, wanda ba abin da zai yi wa mahayi. Ma'aunin da aka sani shi ne giram 0.2 zuwa 0.3 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 65 in ya bi 0.3, giram 19.5 yake buƙata, wato kafso 39 a zama ɗaya. Robar da mutum ya ɗauka za ta kai shi kwana 50, sha uku ba za ta cika ba.

Ranar gwajin farko ba ƙa'idar da na tsallake. Kafso 39, kaɗan-kaɗan cikin rabin awa, awa biyu kafin hawa, a kan koko da burodi, da ruwa lita ɗaya. Minti ashirin ba a yi ba gyatsa ta fara, mai ɗanɗanon gishiri-gishiri a maƙogwaro. Wannan kaɗai ta isa shaida, don garin da bai taɓa tsamin tumbi ba ba ya sa gyatsa da wuri haka. A kan keke abin ya fi muni, saboda zaman tsere a duƙe ake yinsa, duk lokacin da cinya ta taso sai ta danne cikin da ya riga ya cika da iska. Numfashi ya ƙi sauka ƙasa, ciki ya yi tauri kamar ganga, daga nan murɗa ta fara. Tun kafin rabin hanyar Miriya dole na ajiye keken na shiga daji, kuma ba sau ɗaya ba. Ruwan da jiki ya zubar a wannan safiyar, da zafin da ake fama da shi, gora biyu ba su mayar da shi ba.

Da yamma na matse lemon tsami a kofin gilashi na jefa kafso uku. Tsamin lemon ya yi kusa da na tumbi, kuma kwanson da aka yi don hanji kamata ya yi ya jure awa biyu a ciki, haka ake auna shi a masana'antar magani. Waɗannan minti biyar ba su yi ba suka yi laushi, suka tsage ta tsakiya, kumfa ta taso har bakin kofi. Da na zazzage sauran a faranti, wasu sun manne da juna uku-uku, fatarsu ta yi danƙo. Ko tun asali kwanson na banza ne, ko zafin bayan mota da na shago mai rufin kwano ne ya lalata shi, duk ɗaya ne ga wanda ya biya. Kayan da ake so a ajiye ƙasa da digiri 30 an kawo shi garin da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu da Mayu, ba wanda ya damu.

Amma gaskiya ɗaya ce, garin da ke ciki na ƙwarai ne. Sati na gaba na sauko 0.2, giram 13, kafso 26, na raba su gida uku, na fara awa uku kafin hawa, kowane kashi da abinci mai sitaci. Ciki ya ɗan yi nauyi, ya tsaya nan. A atisayen minti huɗu-huɗu da ƙarfin tsiya, zugin cinyar da ke kama mutum a zagaye na huɗu bai zo ba sai ƙarshen na biyar. Dalili kuwa, aiki mai tsanani yana tara tsami a tsoka, bikarbonat da ya ƙaru a jini yana taimakawa a janye shi da sauri. Amfaninsa yana tsakanin daƙiƙa 30 da minti 12 na ƙoƙari mai tsanani: ballewa daga ayari, hawan tudu, gudun ƙarshe. Ƙarin ba shi da yawa, wajen kashi 2 cikin 100, sai dai a bakin layi wannan ya isa raba na ɗaya da na biyar. Mai tafiyar dogon zango a natse zuwa Magariya ko Matamaye kada ya wahalar da cikinsa, ba abin da zai samu. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni a duniya, ba ta haramta shi ba, kuma tun da kamfanin Maurten na Suwidin ya fito da nasa a 2023, ƙananan ƙwayoyi cikin wani abu mai kama da kunu mai kauri, manyan ƙungiyoyin Turai suka rungume shi.

To amma in sai na rage, na rarraba, na haɗa da abinci kafin cikina ya zauna, me na saya? Haka ake yi da garin farmasi, cokalin shayi ɗaya wajen giram 5, a auna a dama a ruwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko kalma ɗaya ba su rubuta a kan gishiri ba. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na bikarbonat sodiyam ne, wato sinadarin nan da ke cikin gishirin miya. Giram 19.5 na ɗauke da sama da giram 5, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 2 a yini. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya ya nisance shi, wanda ke shan wani magani ya fara ganin lokotoro. Kuma don Allah, 'yan uwa, kada wani ya ce zai maye shi da kanwa don tana da araha a kasuwar Dole. Kanwa gauraye ce, akwai wani gishirin a cikinta da ya fi bikarbonat kaifi, ga ƙasa, kuma ba ta aunuwa. Hodar tashin kek ma daban ce, an riga an haɗa ta da nata tsamin.

Kafso 32 suka rage a robar, ba zan ƙara saye ba. Wanda ya nace sai ita, ya tafi shagon da lemon tsaminsa, ya roƙi mai kaya a jefa ɗaya a kofi kafin ya zaro kuɗi, kuma kada ranar tsere ta zama ranar gwajinsa na farko.