Espacenet bayan wata takwas ina fama da shi, ga abin da na gani

Jama'a tun da na fara wannan harkar ta nazarin fatent, wato takardun da ake ba mutum ko kamfani haƙƙin mallakar abin da ya ƙirƙiro, tambayar da ake ta yi min ita ce wai da me kake binciken nan, kuma nawa kake biya. To ko sisi ba na biya, Espacenet nake amfani da shi, wani shafin intanet na neman takardun fatent, kuma yau dai na ce bari in zauna in faɗi ra'ayina a kansa tsakani da Allah, mai daɗi da mara daɗi.

Na Ofishin Fatent na Turai ne, EPO, wanda hedkwatarsa ke Munich a Jamus, sun buɗe shi tun 1998 kuma yanzu akwai takardu sama da miliyan 150 a ciki daga ƙasashe fiye da 100, har da tsofaffi na wajen 1782. Kyauta ne, ko rajista ba sai ka yi ba, ka buɗe kawai ka fara nema.

Ranar farko gaskiya raina shi na yi. Ni da na saba da Google Patents inda za ka rubuta kalma biyu ka danna komai ya zubo maka da hotuna fes, sai na shigo nan na tarar da akwatuna da lambobi da wasu harufa kamar A1 da B1 da ban san kansu ba, na ce kai wannan ai na lauyoyi ne, na rufe. Abin da ya dawo da ni kuskure ne da na tafka da hannuna. Ina rubuta wani nazari kan batirin waya sai na ga wata takarda da ta yi da'awar mallakar abubuwa masu faɗin gaske, na zauna na rubuta shafi guda cur ina cewa wannan kamfani ya kulle hanya, ashe abin da nake karantawa takardar nema ce kawai, mai harafin A, ba a ma ba su ba tukuna. Da na nemo wadda aka amince da ita mai harafin B sai na ga mai duba takardun ya sa sun rage da'awar sosai har ta koma ɗan lungu guda. Kunya kamar in nutse, Allah ya so ni ban tura wa kowa ba. Tun daga nan na gane cewa wanda bai san bambancin A da B ba bai fara ba.

To a nan ne Espacenet ya fi ƙarfi. Duk takardar da ka buɗe zai haɗa maka danginta, ma'ana ƙirƙira ɗaya ce amma an shigar da ita a Amurka da Japan da Sin da Turai, kowacce da lambarta, shi sai ya tattara su wuri guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, domin in kana ƙirga yawan ƙirƙirar kamfani ba ka san da dangi ba, abu ɗaya za ka ƙirga sau bakwai ka fito ka ce kamfanin ya fi kowa, alhali ba haka ba ne. Dalilin da ya sa ake samun dangin kuwa shi ne yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba mai nema wata 12 daga ranar da ya fara shigarwa ya je ya shigar a wasu ƙasashe ba tare da ya rasa ranarsa ta farko ba, sannan in ya bi ta tsarin PCT, wato shigar da takarda ɗaya ta ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin WIPO, hukumar kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, yana da kusan wata 30 kafin ya zaɓi ƙasashen.

Amma abin da ya fi burge ni, wanda kuma ya fi cin lokacina kafin in iya, shi ne lambobin rarrabuwa na CPC, tsarin da ke ba kowane fannin fasaha lambarsa. EPO ne da ofishin fatent na Amurka suka haɗa shi ya fara aiki a 2013, rassa wajen 250,000 ne. Ka san masu rubuta fatent ba sa kiran abu da sunansa, da gangan ma wani lokacin, batir sai su ce masa na'urar adana makamashi ta hanyar sinadari, to kai da ka rubuta batir a akwatin nema ka ga an wuce ka ke nan. In ka sa H01M kuwa, wanda shi ne gidan batura, ko ka ƙara matsawa ciki zuwa H01M 10/0525 na batirin litiyam, ko da wane yare aka rubuta ko da wace irin kwana aka yi, zai fito. Yadda nake yi yanzu, in samo takarda uku ko huɗu da suka dace da abin da nake so, in duba lambobin da aka manna musu, sai in koma in nema da lambar, in haɗa da kalma ɗaya ko biyu don in tace. Kwana biyu na farko kai na ciwo, bayan nan kuma ba ka son komawa tsohuwar hanya.

Fassara ma akwai, Patent Translate, EPO ne da Google suka yi shi. Tana da amfani ƙwarai tunda a 2023 an shigar da takardun nema wajen miliyan 3.55 a duniya kuma kusan rabinsu a Sin ne. Tana isa ka gane inda aka dosa, amma a wajen da'awa inda kalma ɗaya ke juya ma'ana kar ka rantse da ita.

Sai batun ko fatent na raye ko ya mutu. Mutane na ɗauka shekara 20 ce daga ranar shigarwa shi ke nan, alhali da yawa suna mutuwa tun kafin nan saboda mai su ya daina biyan kuɗin sabuntawa, wasu kuma soke su ake yi. A Turai akwai wata 9 bayan an bayar da kowa zai iya shigar da ƙalubale. Dubi na CRISPR, fasahar gyara ƙwayoyin halitta, na cibiyar bincike ta Broad Institute da ke Amurka, mai lamba EP 2771468, EPO ta soke shi a Janairun 2018 ba don kimiyyar ba ta da kyau ba, a kan matsalar ranar fifiko ce, wato waccan ranar shigarwa ta farko, da sunayen waɗanda suka shigar da takardar farko, kuma hukumar ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Janairun 2020. Daga Espacenet danna ɗaya zai kai ka rajistar EPO ka karanta wasiƙun da aka yi ta musaya ɗaya bayan ɗaya, ni dai na taɓa ɓata dare guda a kan irin wannan fayil kamar mai kallon shari'a.

Inda ya gaza kuma, in aikinka na ƙididdiga ne da zane-zane za ka ji ƙunci, jerin sakamako 500 ne iyakar abin da za ka sauke a lokaci guda, sai ka yi ta yanka bincikenka shekara-shekara kana haɗawa a Excel. A wannan fannin Lens.org na ƙungiyar Cambia da ke Ostareliya ya fi shi sauƙi, ga shi yana haɗa fatent da takardun binciken jami'a. Sannan a waya ba daɗi, aikin kwamfuta ne. Kuma duk inda ka je, ko shi ko waninsa, ba za ka ga da yawa daga cikin abin da aka shigar cikin wata 18 da suka wuce ba don a ƙa'ida sai bayan nan ake wallafawa in ba mai nema ya nemi a yi da wuri ba, saboda haka in zanenka ya nuna kamar an daina ƙirƙira a bara kar ka yi saurin buga ganga.

In maki ake so na ba shi 8 cikin 10. Har yanzu da Google Patents nake leƙen farko don sauri, amma kafin in rubuta ko layi ɗaya da sunan wani kamfani a ciki sai na koma Espacenet na duba dangi, na duba harafin ƙarshen lambar, na buɗe rajista.